Wasan kwaikwayo a ajin Turanci: amsa ga wata malama a Kumasi

Wata malama da ta fara koyarwa bara a wata babbar sakandare a nan Kumasi ta aiko min da wannan tambaya: "Baba Malam, ɗalibai 58 gare ni a aji ɗaya, da yawansu 'ya'yan Zango ne daga Aboabo da Asawase da Sawaba. A rubuce suna ɗan taɓukawa, amma da na ce a tashi a yi magana da Turanci sai aji ya yi tsit. Sau biyu na gwada wasan kwaikwayo. Na farko, yara huɗu suka haddace abin da na rubuta musu suka zo suka biya, sauran suna kallo. Na biyu surutu ya kaure, aka koma Hausa da Twi, har malamin ajin da ke kusa ya leƙo. Shugaban sashenmu ya ce ɓata lokaci ne, tunda WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ba ta tambayar wasa. In bari ne?"

'Yata, kada ki bari. Abin da kika yi sau biyun nan bai kai ga wasan da ake koyon harshe da shi ba tukuna, saboda haka ba ki da hujjar yanke masa hukunci. Na farkon hadda ce, kuma yaranmu gwanayen hadda ne tun daga makarantar allo. Ki ba su shafi biyu, gobe su kawo miki shi ba tuntuɓe, jibi ki tare ɗaya a ƙofar aji ki tambaye shi abin da ba ya cikin shafin, ya tsaya yana kallon ƙasa. Na biyun kuwa kin sake su ne ba tare da wani abu da za su nema ba. Yaron da ba a ba shi abin nema ba, hira zai yi, hira kuma da harshen da ya fi masa daɗi ake yin ta. Ni ma da haka na fara, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, na kuma daɗe kafin na gane inda gizo ke saƙa.

Ga inda yake saƙar. Wasan da ake nuna wa 'yan kallo ranar rabon kyaututtuka daban, wasan da ake koyon magana da shi daban. A na biyun ba 'yan kallo, ba rubutaccen zance. Kowane yaro yana da wata buƙata a hannun abokin wasansa, yana kuma riƙe da wani sirri da abokin bai sani ba, ba kuwa yadda za a yi buƙatar ta biya sai an yi magana. Idan wannan ya samu, sauran duk gyare-gyare ne. Idan bai samu ba, ko kin kawo kayan ado da gemun auduga, ba abin da za a koya.

Ki dubi yaran nan da kyau kafin ki yarda cewa harshe ne ke ba su wuya. Yaron Aboabo yana tashi da Hausa a gida, wani ma da Dagbani ko Kotokoli ko Zabarmanci a ɗakin kakarsa. Kafin ya shekara bakwai ya iya Twi. Yana karanta Larabci a makaranta. Idan namiji ne, yana shiga sakandare zai ɗauki Turancin titi a bakin abokai cikin zango ɗaya. Wa ya zaunar da shi ya koya masa nahawun Twi? Aike ne ya koya masa. An ba shi kuɗi an ce ya je kasuwar Kejetia ya sayo tattasai, in bai iya ciniki ba a cuce shi, ya dawo gida ya sha faɗa. Turancin aji shi kaɗai ne harshen da ya shekara tara ko fiye yana ji ba tare da ya taɓa buƙatar samun wani abu da shi ba, in ban da maki. Ki ƙara da cewa Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta zaɓa ake koyarwa a makarantun Ghana, don haka tun yana firamare ya saba cewa harshen da yake tunani da shi a bakin ƙofa ake barin sa, shi kuma ya shiga ya yi shiru. Shirun da kike gani horo ne da ya samu, ba rashin ƙwaƙwalwa ba.

Masana sun ga irin wannan a wani wuri. Merrill Swain ta yi nazarin yaran Kanada masu Turanci a gida waɗanda ake koyar da su darussa da Faransanci shekara da shekaru. Ta tarar suna fahimtar abin da suka ji da abin da suka karanta sosai, amma da an zo magana da rubutu sai nahawunsu ya gaza na 'yan asalin harshen. A 1985 ta fitar da ra'ayinta cewa sauraro kaɗai ba ya isa, sai an matsa wa mai koyo ya fitar da zance da kansa, domin a lokacin da yake laluben kalma ne yake gane abin da bai iya ba. Ajinki ke nan: shekaru suna sauraron malamai, ba wanda ya matsa musu su nemi wani abu da bakinsu.

Bari in ba ki misalin da na fi amfani da shi ga 'yan aji ɗaya, domin kowa ya san zafinsa. Ki yanka takarda gida biyu. A kati na farko ki rubuta, da Turanci mai sauƙi, layi huɗu ko biyar: mahaifiyarka ta aike ka ka tura wa yayanka sidi ɗari biyu ta waya, mai shagon MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya tura, yayanka ya ce bai ga komai ba, kana zargin mai shago ya kuskure lamba, kuma ba za ka iya komawa gida ba kuɗi ba. A kati na biyu: kai ne mai shago, takardar da yaron ya kawo tana nan a hannunka, lambar da ke jiki ita ka tura wa, lamba ɗaya ce a ciki ba ta fito sosai ba, ko ɗaya ce ko bakwai, uban gidanka ya ce duk asarar da aka yi daga albashinka za a cire, amma ka san akwai hanyar kiran kamfani a nemi a dawo da kuɗin idan wanda ya samu bai cire ba. Kada ɗaya ya ga katin ɗaya. Ki ce musu minti huɗu gare su, su rabu da matsaya. Za ki ga abin mamaki. Yaron da bai taɓa haɗa jimla biyu a gabanki ba zai tsaya kai da fata yana cewa lambar da ya kawo daidai ce, domin yanzu akwai sidi ɗari biyu da fushin uwa a tsakani. Zai yi kuskure iri-iri, amma zai yi tambaya, zai musa, zai roƙa, zai kawo shawara, dukansu kuwa ayyukan harshe ne da littafi ke warewa babi-babi.

Irin waɗannan ba sa ƙarewa a garin nan. Ɗalibar kwana tana neman takardar izinin fita don bikin yayarta ranar Asabar, malamar gidan kwana kuma katinta ya ce akwai jarrabawa Litinin, ta kuma riga ta hana mutum biyu, ba za ta bayar ba sai in an kawo dalilin da ya bambanta. Saurayi ya je gyaran sunansa da aka rubuta ba daidai ba a katin ɗan ƙasa, sunan da ke takardar BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, daban da na takardar haihuwa, abin da 'ya'yan Zango da yawa suka sani, tunda Abdullahi ɗaya sai a rubuta shi iri uku. Jika ya raka kakarsa asibitin Komfo Anokye, ita Hausa kawai take ji, shi zai bayyana wa ma'aikaciyar jinya tun yaushe ciwon ya fara da irin maganin da ta sha. Wannan na ƙarshen ina son sa ƙwarai, domin aiki ne da yaranmu suke yi a zahiri, ba wanda ya taɓa yaba musu a kai. Ki guje wa yanayin da aka kwaso daga littattafan waje, irin su kama ɗaki a otal a Landan. Yaro ba zai yi gardama a kan abin da bai taɓa gani ba.

Sai maganar yawa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a fito da mutum biyu gaban allo, 56 su zauna. Wannan ya mayar da darasi kallo, su biyun kuma tsoro ya cinye su. Kowa zai yi a lokaci guda, a mazauninsa. Ki raba su uku-uku: biyu masu wasa, na uku mai sauraro, shi ma da aikinsa a rubuce, wato ya rubuta matsayar da aka cimma, da jimla ɗaya da ta burge shi, da wuri ɗaya da aka koma Hausa ko Twi da abin da ake son faɗa a wurin. Da ɗalibai 58 kin samu rukuni 18 na mutum uku da ɗaya na mutum huɗu. Na ukun nan shi ne idonki a inda ba za ki iya kaiwa ba. Idan darasinki awa ɗaya ne, minti goma na shiri, huɗu na zagayen farko, goma na gyara a allo, huɗu na zagaye na biyu bayan an sauya matsayi, sauran lokacin na rubutu. Wasan kansa bai kai minti goma ba duka, kuma gajartarsa ce ke hana shi lalacewa. Surutu dai za a yi, mutum kusan arba'in suna magana lokaci guda ba za su yi kamar masallaci ba. Ki gaya wa maƙwabcinki tun da safe cewa minti huɗu sau biyu ne, ko ki fitar da su gindin bishiya in makarantar na da fili. Ki kuma tsayar da alama ɗaya ta tsayawa, tafi uku ko ɗaga hannu, ki horar da su a kanta tun kafin ranar.

Komawa Hausa da Twi kuwa, ina roƙon ki kada ki bi hanyar tara da bulala da aka bi da mu, lokacin da ake rubuta sunan duk wanda ya yi yaren gida. Abin da wannan ya haifar shi ne manya masu digiri da ke jin kunyar harshen iyayensu, Turancin kuma bai zauna a bakinsu ba. A minti goman shiri, ki tara masu kati na farko wuri ɗaya, masu na biyu wuri ɗaya, ki bar su su tattauna da kowane harshe suka ga dama: me za mu ce, in ya ce kaza me za mu mayar masa, yaya ake faɗin kaza da Turanci? Nan ne za su yi ta kiran ki, nan ne kuma kalma ke shiga ta zauna, domin su suka neme ta. In an fara wasa, sai Turanci. Dabarar da ta fi doka aiki ita ce ki sa dalilin a cikin katin: ma'aikaciyar jinyar daga garin Ho na yankin Volta aka turo ta makon jiya, ba ta jin Hausa ba ta jin Twi. Yara suna girmama dokar wasa fiye da dokar malami. Turancin titi ma kada ki yaƙe shi gaba da gaba. Ki sa yaro ya ba abokinsa labarin abin da ya faru da shi yadda suka saba, sannan ya ba shugaban makaranta labarin nan ɗin. Da kansa zai ji cewa riga biyu ce, kowace da wurin da ake sa ta.

Wajen gyara ne malamai suka fi ɓata aikin. Yaro yana tsakiyar kare kansa, ki tsayar da shi don ya ce "he" a wurin "she", to kin kashe wasan, ba kuma zai sake buɗe baki da zuciya ɗaya ba. Ki zaga da ɗan littafi kina rubutawa, ba ki cewa komai. In an tsaya, ki zaɓi kurakurai uku ko huɗu da suka fi yawa, ki rubuta su a allo ba tare da sunan kowa ba, aji ya gyara. Tun yanzu zan iya faɗa miki abin da za ki ji. Rikita "he" da "she" zai zo na farko, kuma yana da dalili: Twi ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, Hausarmu ta Zango ma ta sassauta wannan bambanci, har za ki ji an ce wa mace "ya zo", abin da Bakano ba zai faɗa ba. Za ki ji "I am coming" daga bakin mai tafiya, wato "ina zuwa" ɗinmu ne ya sa rigar Turanci. Za ki ji "give me" a gaban babba, an ɗora masa "please" a gaba ana ganin an gama ladabi, alhali "could you" da "would you mind" suna nan a littafinsu ba su taɓa hawa harshensu ba. Za ki ji labarin jiya ana ba da shi da aikatau na yau. Idan kin bayyana musu daga inda kuskuren ya taso, sukan yi dariyar ganewa, su kuma riƙe. Sannan a sake wasan. Zagaye na biyun nan kada ki taɓa yarda lokaci ya cinye shi, domin a nan ne gyaran ke komawa baki. Wanda ya tsaya a zagayen farko ya nuna wa yara rauninsu ne kawai ya sallame su.

Akwai yaran da za su ƙi ko da an yi duk wannan, yawanci 'yan mata da aka tarbiyyantar a kan cewa ɗaga murya a gaban mutane rashin kunya ne. Stephen Krashen ya yi bayanin cewa tsoro da fargaba suna zama kamar shinge tsakanin mai koyo da harshen da yake ji. Amfanin matsayi na aro shi ne yana sauke wannan shinge: ba ita ce ke gardama ba, malamar gidan kwana ce. Mu Hausawa ba baƙin wannan ba ne. A tashe yaro yakan sa gemu ya zama tsoho ya faɗi abin da ba zai iya faɗa da fuskarsa ba, a wasan gauta ma matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansu. Na taɓa samun wata yarinya da ta yi zango guda ban ji muryarta ba. Na ba ta matsayin ma'aikaciyar jinya, na miƙa mata biro da takarda ta riƙa rubuta amsoshin majinyaci. Riƙe biron nan ya ba ta iko. Ta yi tambaya bakwai a jere, har ta ce wa yaron ya maimaita don ba ta ji ba. Tun daga ranar nakan ba mai kunya matsayin mai iko, mai baki kuma in ba shi matsayin mai roƙo. Wani lokaci ke ma ki shiga wasan, kamar yadda Dorothy Heathcote ta jami'ar Newcastle a Ingila ta shahara da yi: ki zama baƙuwar da ta sauka a Kejetia tana neman hanyar Manhyia, fadar sarkin Asante, su ne masana, ke ce mai neman taimako.

Ki yi hattara da irin matsayin da kike rabawa. Na taɓa sa wasan ciniki da 'yar dako a kasuwa, ina ganin abu ne da kowa ya sani. Yaron da ya hau matsayin ya riƙa kwaikwayon maganar mutanen arewa, aji ya fashe da dariya, wata yarinya ta kifa kai a tebur. Daga baya na ji cewa da dakon nan mahaifiyarta ta biya mata kuɗin makaranta. Har yau abin yana damuna. Kada ki bari a kwaikwayi karin harshen wata ƙabila, ko malamin addini ko fasto, ko mai naƙasa. Kada ki haɗa namiji da mace a matsayin miji da mata ko saurayi da budurwa. Labari zai kai gida, iyaye su ɗauka abin da ake yi ke nan a makaranta. A farkon shekara ki bar mata da mata, maza da maza, sai sun saba.

Shugaban sashenku kuma yana da gaskiyarsa, kada ki raina ta. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017 azuzuwa suka cika, lokaci ya ƙaranta, yaron da bai samu aƙalla makin C6 a Turancin WASSCE ba kuwa ƙofar jami'a ta rufe masa ko da ya ci sauran darussa. Gaskiya ne kuma cewa a jarrabawar baka ta WASSCE a Ghana ɗalibi ba ya furta komai, sauraro yake yi ya zaɓi amsa. Amsar da za ki ba shi tana cikin minti talatin ɗin ƙarshe na darasin. Duk wasa ya ƙare da rubutu irin wanda WAEC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ke tambaya. Bayan wasan MoMo, a rubuta wa kamfani wasiƙar koke. Bayan na izinin fita, a rubuta jawabin muhawara a kan ko dokokin gidan kwana sun yi tsauri. Mai sauraro ya taƙaita abin da aka yi cikin jimla uku, wanda shi ne horon taƙaitawa, sashen da ke kayar da ɗalibai da yawa. Zai kuma yi ta juya zancen wani zuwa nasa, "she said that she had already refused two students", ba tare da an kira darasin da sunansa mai ban tsoro ba. Insha'in WASSCE kalma 450 ake nema, kuma cikin maki 50 ɗinsa 20 na iya sarrafa harshe ne. Abin da ke hana yaranmu cika kalma 450 ba ƙarancin nahawu ba ne kawai, rashin abin faɗa ne. Wanda ya gama gardama da mai shago yanzu-yanzu yana da hujja biyar a kansa da zafinsu. Sabuwar manhajar sakandare da NaCCA, hukumar tsara manhaja ta Ghana, ta fitar, wadda aka fara da ita a shekarar karatu ta 2024/2025, ita ma tana neman ɗalibi ya riƙa aiki da abokansa yana magana, don haka ba ki fita daga layi ba.

Kada ki yi wa shugaban sashen gardama da baki. Ki ajiye wasiƙun da aji ya rubuta bayan wasa, ki haɗa da waɗanda suka rubuta a baya ba tare da wasa ba, ki kai masa ya karanta da kansa, sannan ki gayyace shi ya zauna a bayan aji rana ɗaya. Kuma kada ki mayar da kowane darasi wasa. Sau ɗaya a mako biyu ya isa a farko. Karatun fahimta da nahawu da rubutun ƙa'ida suna nan da matsayinsu, wasa ba ya koyar da inda ake sa waƙafi.

Ranar Litinin ki fara da na MoMo, domin shi ne ba ya buƙatar dogon bayani. Ki rubuta katunan da hannu in injin buga takarda ya ƙi, kati 19 na kowane ɓangare, ki karɓe su bayan darasi don ajin gaba. Zagayen farko zai yi rikici, wasu rukunan za su gama cikin minti ɗaya su zauna. Ki tanadi ƙarin layi a aljihu da za ki raɗa wa mai shago, misali cewa wanda kuɗin ya shiga wayarsa ya kira yana neman a bar masa sidi ashirin kafin ya mayar. Idan kin gama, ki aiko min da kurakurai huɗun da kika rubuta a allo da abin da masu sauraro suka ce an kasa faɗa da Turanci, mu duba tare mu ga wane kati ya dace da mako na uku.